A Abzin, ruwan da bai dake ka ba shi ma ruwa ne

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan Damagaram ne, bana aka turo ni koyarwa Agadas, kuma aikin yakan kai ni ƙauyukan cikin duwatsu wajen Dabaga da Tabelot. Tun da na zo zafi bai bar ni na yi barcin kirki ba. Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne hadarin garin nan. Da safe sama fes, bayan azahar sai gajimare ya taru a kan duwatsu, ga cida ga walƙiya, iska ta taso da ƙura ta rufe gari, a ƙarshe ko ɗigo. Ran nan kuwa ko yayyafi ba a yi mana ba, da asuba muka tarar Telwa, kwarin da ke wucewa ta gefen gari, ta cika maƙil. Me ke kawo haka? Kuma da wane lokaci ya kamata mutum ya kama hanyar dutse?"

Barka kadai ɗan'uwa, sannu da baƙunta. In na fahimce ka, kana so ka san me ya sa hadarin Abzin ba ya saɓa lokaci, me ya sa yake yawan cika baki ba tare da ya zubar da komai ba, da kuma inda ruwan Telwa ya fito tunda ku ba a yi muku ba. Amsar duka tana cikin zafin nan da ya hana ka barci. Na yi shekaru ina awon ruwan sama da zurfin rijiyoyin lambu a wannan yanki, don haka abin da zan faɗa maka wani daga takarda ne, wani kuma daga inda ƙafa ta taka.

Zafin tukuna

Agadas tana kusa da digiri 17 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma tudunta kamar mita 500 ne sama da teku. Daga bayan gari duwatsun Abzin, waɗanda ake kira Ayar, suka miƙa arewa ɗaruruwan kilomita. A cikinsu akwai tsaunin Bagzan, wanda ƙololuwarsa, Idukal-n-Taghes, ta kai mita 2,022, babu wurin da ya kai ta tsawo a duk Nijar. In ka tsallake duwatsun ta gabas, sai yashin Tenere.

Sau biyu a shekara rana ke tsayawa cak a tsakar kan mutumin Agadas, farkon Mayu da farkon Agusta. A Mayu da Yuni zafin rana kusan kullum yana haura digiri 40. Amma tsayuwar rana ba ita kaɗai ba ce, don Damagaram ma tana samun wannan ranar. Bambancin yana ƙasa. A garinku, da zarar ruwa ya sauka, gero ya fito, rana tana ɓata ƙarfinta mai yawa wajen shanye danshin gona da na ganye. A nan babu danshin da za ta shanye, sai ƙarfin nata duka ya tafi ga gasa dutse da tsakuwa, su kuma su gasa iskar da ke kansu. Shi ya sa zafi bai fi tsanani da tsakar rana ba, sai wajen la'asar, lokacin da ƙasa ta gama ƙoshi. Ɗakin ƙasa kuma yana sha da rana ya riƙa amayarwa da dare. Ba ka ga mutanen gari suna fid da shimfiɗa tsakar gida? Ka bi sahunsu.

Iska biyu ce ke kokawa a kan ƙasashenmu duk shekara. Ɗaya busasshiya ce daga arewa maso gabas, ita ke kawo mana hunturu da hazo. Ɗayar tana tasowa daga tekun Gini, ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Idan Sahara ta yi zafi ƙwarai, iskar da ke kanta takan yi sauƙi ta tashi sama, sai ta kudu ta shigo ta cike gurbin. Iyakar da ke tsakaninsu tana hawa arewa sannu a hankali tun daga ƙarshen hunturu, ta wuce Kano, ta wuce Damagaram da Tanut, ta iso Agadas wajen Yuni, a Agusta ta kai kusan digiri 20, sannan ta juya. Ka ɗauki iskar kudun nan kamar bakin gatari: kauri a baya, siriri a gaba. Kano tana wajen kaurin, ku kuna wajen bakin. Laimar da ke iso muku ba ta da zurfi, a samanta kuma busasshiyar iskar Sahara ce shimfiɗe. Shi ya sa ruwan Agadas na shekara bai cika wuce milimita 100 zuwa 150 ba, mafi yawansa a Yuli da Agusta, alhali na Damagaram ya kusa ninka shi uku.

Jikinka ma zai gaya maka ranar da iskar kudu ta shigo. A Mayu gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai dai ka tarar da farin gishiri a wuyan riga. Ranar da ka tashi ka ji riga na manne maka a baya, ruwan randa ya daina sanyi kamar da, to laima ta iso. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: a Mayu zafi ya fi na Agusta, amma ba a samun hadarin kirki, domin babu laimar da zafin zai ɗaga.

Me ya sa sai bayan azahar, kuma sai a kan dutse

Nan ne zancen yake. Hadari yana buƙatar abin da zai cicciɓi iska mai laima zuwa sama, inda ake sanyi. Iskar da ke hawa tana hucewa da kusan digiri 10 a kowane kilomita ɗaya, har ta kai inda tururin da ke cikinta zai dunƙule ya zama gajimare. A fili kamar na Irhazer, yamma da Agadas, sai iska ta yi da gaske kafin ta kai can. Dutse kuwa ya riga ya rage mata hanya. Ka duba Bagzan da hantsi. Rana tana dukan baƙin dutse a tsawon mita 1,500 ko fiye, dutsen ya yi zafi, ya ɗumama iskar da ke taɓa shi. Iskar da ke daidai wannan tsawon amma a kan fili, nesa da dutse, babu abin da ke ɗumama ta. To ta kan dutsen ta fi maƙwabciyarta sauƙi, dole ta tashi. Tana tashi, wata ta biyo ta daga kwaruruka, tana hawa gangare kamar hayaƙi a bututu. Dutsen ya zama murhun da aka ɗora a kan soro.

Wannan aikin yana cin lokaci, shi ya sa agogonsa ba ya kuskure. Da safe ba komai. Wajen ƙarfe sha ɗaya za ka ga 'yan fararen gizagizai kamar auduga sun zauna a kan tsaunuka, fili kuwa wayam. Zuwa azahar wasu sun fara tsayi suna toho kamar ƙullu mai kumburi. In laima ta isa, tsakanin azahar da la'asar ɗaya daga cikinsu zai zarce sauran, ya hau kilomita 12 ko 15, kansa ya daskare ya baje gefe kamar uwar maƙera. Da ka ga wannan bajajjen kan, an gama, hadari ya nuna. A can ciki ƙanƙara manya da ƙanana suna gogar juna, wasu na hawa wasu na saukowa, daga nan wutar walƙiya ke taruwa. Bayan faɗuwar rana murhu ya mutu, yawancin hadarin sai ya watse, sai walƙiya daga nesa ba ƙara.

Amma me ya sa ku a gari sai ƙura? Gindin gajimaren Abzin yana da nisa da ƙasa, sau da yawa kilomita 3 ko fiye, tsakaninsa da ku kuwa busasshiyar iska ce mai zafi. Ruwan yana zubowa, kana ma iya ganinsa, igiyoyi masu launin toka rataye a ƙarƙashin gajimare kamar gezar mayafi, amma suna ƙarewa a sarari. Iska ta shanye shi kafin ya iso. Shanyewar tana sanyaya iskar, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Iska mai sanyi nauyi gare ta, sai ta faɗo da ƙarfi, ta daki ƙasa, ta bazu ta ko'ina tana share duk ƙurar da ta tarar. Bangon jan ƙurar nan da kake gani yana tahowa, wanda mu ke kira holoƙo, mutanen Sudan ke kira habub, gawar ruwan da bai iso ba ce. Ka lura, duk lokacin da ya wuce gari yakan yi sanyi, har ka ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba tare da ƙasarku ta jiƙe ba. Sau nawa na fita da gudu na duba ma'aunin ruwa bayan irin wannan hargowa, na tarar da yashi a ciki maimakon ruwa, na rubuta sifiri a littafi. Baƙo ne ke fid da bokitai da ya ga hadari. Ɗan gari ya san ba a wanka da kashi don ganin hadari, shi tagogi yake rufewa, ya kife tukunya.

Bari in ɗan kauce, don abin yana ba ni sha'awa. Wannan iska mai sanyi da ta bazu tana shiga ƙarƙashin iska mai zafi ta ɗaga ta, sai sabon hadari ya haihu a gaban tsohon. A sama kuma, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai kakkarfar iska da ke kaɗawa daga gabas a duk damina. In abubuwa suka dace, hadarurruka da yawa sukan jeru su zama layi guda, wannan iskar ta tura su yamma da gudun kilomita 50 ko 60 a awa, ba su damu da faɗuwar rana ba. Abin da kakanninmu suka lura da shi ke nan da suke cewa hadari daga gabas yake. Abzin na cikin wuraren da irin wannan layi ke haihuwa, tare da tudun Jos da duwatsun Darfur. Daga Agadas zuwa Yamai, a miƙe, ya haura kilomita 700. Ka yi lissafi: hadarin da ya tashi da la'asar a kan duwatsunku zai isa can wajen asuba. Ba mamaki ruwan Yamai ya cika zuwa cikin dare da sassafe. Ku ke hura wuta, wasu ke cin tuwon.

Ruwan Telwa

Hausawa sun ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. A Abzin wannan karin maganar na iya kashe mutum. A kan tsaunuka gindin gajimare yana kusa da ƙasa, don haka ruwan da ke ƙarewa a sarari a kanku, can yana sauka sosai, wani lokaci har da ƙanƙara. Yana sauka a kan me? Dutse tsirara, ba ciyawa, ba ƙasar da za ta sha. Milimita 1 na ruwa a kan murabba'in kilomita 1 lita miliyan 1 ne. A ce an yi milimita 20 cikin rabin awa a kan murabba'in kilomita 100, wanda ba wani babban hadari ba ne, ka sami lita biliyan 2, kuma kaso mai yawa daga ciki gangarowa zai yi. Kowane tsagi yana zuba wa ɗan'uwansa, har su haɗu a kori guda, wato busasshen kwarin da ke cika in an yi ruwa. Telwa tana tattaro ruwan kudancin duwatsun, ta biyo ta Dabaga da Azel, ta wuce gefen Agadas, ta baje a filin Irhazer. Tafiyar tana cin awoyi. Ruwan da ka gani da asuba, da la'asar ɗin jiya aka yi shi, a kan dutsen da ka hango hadari ka ce bai zo ba.

Na taɓa ganinsa ido da ido, kuma da wautata. Wata shekara a Agusta dare ya same mu a hanya, muka sauka a wani kori mai faɗi. Yashinsa laushi, ga inuwar goriba, ga taurari fal a sama. Har na shimfiɗa tabarma. Direbanmu, wani dattijo Ba'abzine, bai yi mini gardama ba, sai ya haska fitila cikin rassan wata aduwa, ya ce, "Malam, wa ya rataye wancan?" Busasshiyar ciyawa ce da ƙirare da kashin raƙumi, sun maƙale a reshen da ya fi kaina tsawo. Muka kwashe kaya muka hau tudu, ina gunaguni a zuci don tsakuwa ta hana ni sakewa. Can cikin dare na ji ƙara kamar manyan motoci sun jero. Da muka haska, gaban ruwan bai ma yi kama da ruwa ba, wani abu ne baƙi mai kauri kamar kunu, yana turo kumfa da itace da ganyen kaba a gabansa, kana jin duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashi. Kafin a dafa shayi, inda tabarmata take ya zama tsakiyar kogi. Taurari kuwa suna nan yadda suke.

Mutanen Agadas ba su manta farkon Satumba na 2009 ba, lokacin da ruwan duwatsu ya cika Telwa ya fasa shingen da ke kare gari, dubban gidajen ƙasa suka zube. Kai ma ka san abin da damunar 2024 ta yi, shekarar da tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ruwa ya kutsa arewa fiye da yadda aka saba. Duk da haka kada ka ɗauki kori a matsayin abokin gaba. Albasar Tabelot, lemu da rumman na Timia, dankalin Bagzan, duk ruwan duwatsun nan suke sha. Kowace ambaliya tana nutsewa cikin yashi ta cika rijiyoyin lambu. Na sha auna rijiya kafin kori ya zo da bayan ya wuce, ka ga ruwa ya hau cikin 'yan kwanaki. Mai lambu a Abzin ba ya tambayar sau nawa aka yi ruwa, sau nawa kori ya zo yake ƙirgawa.

Lokacin kama hanya

Daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ka tashi da sallar asuba, ka yi niyyar isa kafin azahar. Da jifa ɗaya ka tsere wa zafi, ka tsere wa hadari. Matsala ɗaya ce ga sammako: ruwan jiya yana iya kasancewa a kori. Don haka kafin ka tashi ka tambayi direbobin albasa a tasha, ko ka buga wa wani na ƙauyen da ke sama da kai waya. Tambayar ita ce ko kori ya zo, ba ko an yi ruwa ba.

In ka tarar da kori na gudu, ka zauna. Yawanci cikin awoyi kaɗan yake janyewa, wani lokaci sai an kwana. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15, wato ɗan sama da idon sawu, yana kayar da babba. Santimita 60 yana tafiya da yawancin motoci, har masu ja da ƙafa huɗu da direbobi ke taƙama da su. Abin da ido ba ya gani ya fi muni: ruwan yana kwashe yashin da ke ƙarƙashin taya, mota ta nutse tana tsaye. Bayan ya janye ma, a sa mutum ya taka da sanda kafin mota ta shiga. Direban da ya ce maka ya saba, ka ce masa kai ba ka saba ba, ka sauka. Kwana kuwa, ko hutun rana in akwai hadari a kan duwatsu, a tudu ake yi, sama da inda ka ga tarkace a rassa.

Batun aradu, in ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita 1 ce. In bai kai 30 ba, kana inda za ta iya samunka. Ka sauko daga kan tudu ko dutse, kada ka fake a gindin itace guda tilo, ka shiga ɗaki ko cikin mota mai rufin ƙarfe ka rufe gilashi. Mai babur ba shi da wannan kariyar, kuma na san da babur malamai suka fi yawo. Ga inda shawarwarin biyu ke karo: tsoron aradu yana cewa sauka, tsoron ruwa yana cewa hau. Ka nemi tsakiyar gangare, ƙasa da ƙololuwa, sama da kori. Bayan tsawa ta ƙarshe ka ba ta rabin awa. Ɗalibanka ma, in hadari ya haɗu lokacin tashi kuma akwai masu tsallake kori, gara ka riƙe su a aji iyaye su yi ƙorafi.

Zafi kuma, ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka, ka duba fitsarinka, in ya yi ja to ka yi sake. Rawanin Abzinawa da manyan rigunansu ba ado kaɗai ba ne, ka yi koyi. Ni ba likita ba ne, amma wannan kowa ya kamata ya sani: in mutum ya fara ruɗewa ko sambatu cikin zafi, jikinsa rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa ana yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Ba a jira a ga ko zai warware.

Sai dai in gaya maka iyakar sana'armu. Ma'aikatar duba yanayi ta ƙasa da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET da ke Yamai suna samun hoton tauraron ɗan'adam kowane minti 15, suna iya cewa yau laima ta hau arewa, akwai yiwuwar hadari a Abzin, kuma in layin hadari ya riga ya haɗu ana iya bin sawunsa. Amma a ce maka tun da safe wane kwari ne zai samu, na Tabelot ko na Timia, wannan ya fi ƙarfin hasashe. Hadari ɗaya faɗinsa bai wuce 'yan kilomita ba, ma'aunan ruwa kuma a cikin duwatsun tsiraru ne. Na taɓa auna ruwa mai yawa a wani ƙauye, na je na gaba da shi na tarar awaki na tuma cikin ƙura. Manhajar wayarka da ke nuna alamar rana a kan Agadas ba ƙarya take yi ba, labarin saman kanka take ba ka, ba ta san abin da ke sauka a Bagzan ba. Don haka da ƙarfe sha ɗaya, in ka fito shan iska tsakanin darasi da darasi, ka juya arewa maso gabas ka dubi kan duwatsu. In gizagizan sun kwanta falan-falan, da wuya a yi wani abu a ranar. In tun lokacin sun fara tsayi, gindinsu ya yi duhu, ka gaya wa mai babur ɗinka tafiyar yamma ta koma gobe da asuba.